Fashin Teku da Haɗin Kan Ƙasashe a Mashigin Gini: Tambayoyi da Amsoshi ga Mutanen Tudu

Duk lokacin da rediyo ya kawo labarin an tare jirgin ruwa ko an kama jirgin ɓarayin ɗanyen mai, tambayoyi kusan iri ɗaya ake ji a Abuja, musamman daga bakin 'yan kasuwa masu shigo da kaya da direbobin tirela masu zirga-zirgar Legas da Fatakwal. Ga waɗanda suka fi yawa, da amsoshinsu.

Mu da ke Abuja, wasunmu ko teku ba su taɓa gani ba. Me ya haɗa mu da tsaronsa?

Aljihu ne ya haɗa mu. Ka leƙa kasuwar kifi ta Kado da sassafe, lokacin da ake sauke katan-katan na kifin ƙanƙara daga motar sanyi, yara na ɗauka a ka ruwa na ɗiga musu a kafaɗa. Ka duba rubutun jikin katan ɗin, da yawa za ka ga sunan wata ƙasa ce ta ƙetare. Jirgin ruwa ne ya kawo shi. Haka yawancin tayil da kayan wuta na kasuwar Dei-Dei, da kayan gyaran mota na Apo, da alkamar burodin da muke karya kumallo da shi. Ta tashoshin jiragen ruwa na Apapa, Tin Can, Onne ko Lekki suka shigo kafin su hau tirela.

Idan hanyar ruwa ta yi ƙaurin suna, masu inshora na Landan sukan sa yankin cikin jerin wurare masu haɗari, mai jirgi ya biya ƙarin kuɗi, wani lokaci har ya ɗauki hayar jirgin rakiya mai ɗauke da sojoji. Ba daga aljihunsa zai biya ba. Zai ɗora wa mai kwantena, mai kwantena ya ɗora wa dila, dila ya ɗora wa mai shago a Wuse, a ƙarshe a kan mai saye za ta ƙare.

Sai kuma ɗanyen mai. Ta teku ake fitar da shi, kuɗinsa kuma na cikin abin da ake rabawa tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi duk wata. A watan Agustan 2022, sata da fasa bututu sun sa abin da Najeriya ke haƙowa ya faɗo ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana. Malamin firamare a Kuje ko Bwari bai san bututun mai na Forcados da ke jihar Delta ba, amma albashinsa ya san shi.

Ina ne ake kira mashigin Gini?

Ɓangaren Tekun Atlantika ne da ya lanƙwaso ya shigo gefen yammacin Afirka. A maganar tsaro akan faɗaɗa sunan ya haɗa gaɓar da ta taso daga Senegal har Angola, kimanin kilomita 6,000. Rabon Najeriya a ciki kilomita 853 ne.

Waɗanne laifuka ake yi a can? Fashi ne kawai?

Fashi ne ya fi amo, shi ma kala-kala ne. A farkon shekarun 2010 abin da aka fi yi shi ne kame jirgin dakon tataccen mai, a kashe na'urar da ke nuna inda yake, a kai shi wani wuri a juye man cikin wani jirgi, bayan 'yan kwanaki a sake shi. Daga baya sai salon ya koma garkuwa da mutane. Samari ɗauke da bindigogi za su fito daga lungunan ruwan Neja Delta cikin kwale-kwale mai manyan injina, su jingina dogon tsani a jikin jirgi, su hau, su kwashe kyaftin da injiniyoyi, su koma da su cikin daji har sai an biya kuɗin fansa. Cibiyar da ke tattara rahoton fashin teku ta duniya, IMB, mai ofishi a Kuala Lumpur ta Maleshiya, ta ƙirga ma'aikatan jirgi 135 da aka yi garkuwa da su a duk duniya a 2020. Guda 130 daga ciki a mashigin Gini aka ɗauke su. A watan Janairun 2021 aka hau jirgin kwantena mai suna Mozart a kusa da Sao Tome, aka kashe injiniya ɗaya ɗan Azarbaijan, aka tafi da Turkawa 15.

Waɗannan ma'aikatan jirgi fa ba attajirai ba ne. Da yawansu 'yan Filifins ne da Indiya da Turkiyya da Gana da Najeriya, masu neman abin da za su aika gida. Mu da muka san zafin garkuwa da mutane a hanyar Abuja zuwa Kaduna ba sai an yi mana bayanin halin da iyalansu ke shiga ba.

Bayan fashi akwai satar ɗanyen mai, akwai manyan jiragen kamun kifi na ƙetare masu kwasar kifi ba lasisi, akwai hodar iblis da ake biyo da ita daga Kudancin Amurka a kan hanyarta ta zuwa Turai, akwai kuma kwantenonin tiramadol da makamai. Wannan na ƙarshe shi ya fi kusa da mu. A watan Oktoban 2010 an kama kwantena 13 na makamai daga Iran a Apapa. A Janairun 2017 kwastam sun kama bindigogi 661 a Legas. A 2024 sun kama 844 da harsasai 112,500 a tashar Onne. Bindigar da ta kuɓuta daga tashar ruwa ba a bakin teku take tsayawa ba, haka ƙwayar da ke lalata mana yara a unguwa. Har jibge dattin masana'antu mai guba an yi: a garin Koko na jihar Delta ta yanzu a 1988, da Abidjan a 2006.

Najeriya tana da sojin ruwa mafi girma a yankin. Me ya sa ba za ta yi maganin abin ita kaɗai ba?

Saboda doka ta shata wa kowa iyaka a cikin ruwa, ɓarawo kuma ya san iyakar sarai. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku, wadda aka sa wa hannu a 1982 ta fara aiki a 1994, ta ce daga gaɓa zuwa mil 12 na teku ruwan ƙasa ne, tamkar tudunta. Mil ɗaya na teku mita 1,852 ne. Daga gaɓa zuwa mil 200 kuma ƙasa ce ke da haƙƙin kifi da mai da duk arzikin da ke ciki, amma jiragen kowa na da damar wucewa. Idan an tare jirgi a cikin mil 12, ƙasar ce kaɗai ke da hurumin kamawa da hukuntawa. Idan a waje ne, a dokar duniya jirgin yaƙin kowace ƙasa na iya kama ɗan fashin.

Ga inda gizo ke saƙar. Sojin ruwa na da damar bin jirgin da ya yi laifi a ruwansu har cikin tsakiyar teku, amma da zarar ya faɗa cikin mil 12 na wata ƙasa, sai su ja birki. Gaɓar Benin da ta Togo gajeru ne ƙwarai, kwale-kwale mai gudu zai ratsa ruwan ƙasa uku kafin a gama buga waya tsakanin hedikwatoci. Kamar ɗan bindigar da ke ɓarna a Sokoto ya tsallaka Nijar ne, in ba a yi magana da na can ba, sai dai a tsaya a kan iyaka ana kallon ƙurarsa.

An ga haka ƙarara a 2011. Da Najeriya ta matsa a ruwanta, sai hare-haren suka koma gaban Kwatano, jirage suka fara ƙaurace wa tashar, alhali kuɗin shigar Benin ya dogara da ita sosai. Shugaba Boni Yayi ya nemi agaji, ƙasashen biyu suka fara sintirin haɗin gwiwa a watan Satumban shekarar. A watan Oktoba, lokacin Najeriya ke shugabantar Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka zartar da ƙuduri na farko kan fashin mashigin Gini, na biyu ya biyo baya a Fabrairun 2012.

Mece ce yarjejeniyar Yawunde da ake yawan ambata?

A watan Yunin 2013 shugabannin yammaci da tsakiyar Afirka suka taru a Yawunde, babban birnin Kamaru, ƙasashe 25 suka sa hannu kan ƙa'idojin aiki tare: musayar bayanai, sintirin haɗin gwiwa, da alƙawarin kowa zai yi dokar hukunta masu laifi a teku. Ƙungiyoyi uku ne suka ɗauki nauyi: ECOWAS, wadda hedikwatarta ke nan Asokoro, da takwararta ta tsakiyar Afirka ECCAS, da Hukumar Mashigin Gini mai mazauni a Luwanda.

Tsarin hawa-hawa ne. Babbar cibiya tana Yawunde. Ƙarƙashinta akwai ta yammacin Afirka a Abidjan, da ta tsakiyar Afirka a Pointe-Noire ta Kongo. Sai aka raba ruwan shiyya-shiyya. Najeriya tana shiyyar E tare da Benin da Togo da Nijar, cibiyarsu a Kwatano. Shiyyar F tana Akra, ta G tana Praia ta Cape Verde, ta D tana Duwala. A ƙasa kuma kowace ƙasa da ɗakin sa idonta. Manufar ita ce jami'in da ke zaune gaban kwamfuta a Lome, in ya ga jirgi ya kashe na'urarsa ya nufi gabas, ya san wanda zai kira a Kwatano da Legas nan take, ba sai an rubuta wasiƙa ta bi ta ma'aikatar harkokin waje ba.

Nijar ba ta da teku. Me take yi a ciki?

Kayanta ta Kwatano da Lome suka saba shigowa, ɗan kasuwar Maraɗi da Damagaram ya fi kowa sanin haka. Tun 2024 kuma ɗanyen man da Nijar ke haƙowa a Agadem ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 yake zuwa gaɓar Benin a loda shi a jirgi. Shi ya sa tun farko aka sa Nijar da Mali da Burkina Faso cikin shiyyoyin. Ficewar ƙasashen uku daga ECOWAS a watan Janairun 2025 abin damuwa ne ta wannan fuska, domin kayan haram da aka sauke a bakin teku ta Sahel yake bi ya wuce arewa, kuma bin sawunsa na buƙatar jami'an ɓangarorin biyu su riƙa ɗaga wa juna waya.

A takarda ya yi kyau. A aikace an taɓa ganin amfaninsa?

An gani. A watan Mayun 2020 'yan fashi suka kame jirgin kamun kifi na China mai suna Hai Lu Feng II a ruwan Kodebuwa, suka kashe na'urarsa suka nufi gabas da shi. Labari ya bi ta cibiyoyin nan daga ƙasa zuwa ƙasa, sojin ruwan Najeriya suka tare shi a kudu da Legas, suka ceto ma'aikata 18, suka kama mutum goma. A watan Yulin 2021 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke wa kowannensu ɗaurin shekara 12. A wannan watan dai wata kotu a Lome ta ɗaure mutum tara kan harin da suka kai wa wani jirgin dakon mai a 2019. Wannan shi ne abin da ake nema: laifi a ruwan ƙasa ɗaya, kamu a hannun wata, hukunci a gaban alƙali.

Akwai kuma wanda ya zo da gardama. A watan Agustan 2022 katafaren jirgin dakon mai Heroic Idun ya iso kusa da rijiyar mai ta Akpo da ke cikin tekun Najeriya, sojin ruwan Najeriya suka ce ba shi da takardun izini, suka umarce shi ya bi su. Ma'aikatansa suka ce sun ɗauka 'yan fashi ne, suka gudu. Najeriya ta sanar da Ikwatoriyal Gini, aka tsare shi a can, aka maido shi a watan Nuwamba, sai a 2023 aka sake shi bayan sasantawa a kotu. Ma'aikata 26 sun shafe watanni a tsare, kuma tsibiran Marshall, waɗanda jirgin ke ɗauke da tutarsu, sun kai Ikwatoriyal Gini ƙara kotun dokar teku da ke Hamburg. Haɗin kan ya yi aiki, amma ya nuna cewa miƙa jirgi da mutane daga ƙasa zuwa ƙasa yana buƙatar rubutacciyar doka wadda kowa ya yarda da ita.

Da gaske fashin ya ragu, ko farfaganda ce?

Ya ragu, alƙaluman ba na gwamnati ba ne. IMB ta ƙirga hare-hare 81 a yankin a 2020, suka koma 34 a 2021, suka koma 19 a 2022. Bai ƙare ba, har yanzu akan ɗauke mutane jefi-jefi, galibi a ruwan ƙasashen da ke kudu da mu.

Abubuwa da dama ne suka haɗu. A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana fashin teku, wadda ake kira SPOMO, ita ce irinta ta farko a yankin. Kafin ita, in an kama ɗan fashi a tsakiyar teku sai a rasa sashen dokar da za a tuhume shi da shi. A watan Yunin 2021 aka ƙaddamar da shirin Deep Blue na NIMASA, hukumar kula da sufurin jiragen ruwa da tsaronsu ta Najeriya, na dala miliyan 195: manyan jiragen ruwa biyu, ƙananan jirage masu gudu 17, jiragen sama biyu, helikwafta uku, da dakaru na musamman. Wata guda bayan haka aka ƙaddamar da Falcon Eye, jerin na'urorin hange da kyamarori a bakin gaɓa, wanda ake kallon hotunansa daga hedikwatar sojin ruwa a nan Abuja. Su ma kamfanonin jirage sun koyi darasi: waya mai ƙaya a jikin jirgi, da ɗaki mai ƙofar ƙarfe da ma'aikata ke kulle kansu ciki har taimako ya iso.

A ganina, cikin duk waɗannan, hukuncin kotu ne ya fi tasiri a zuciyar saurayin da ke tunanin shiga sana'ar. Jirgin yaƙi yana wucewa, shekara 12 a gidan yari kuwa labarinta na kaiwa har ƙauye.

Me jiragen yaƙin Turai da Amurka ke yi a ruwanmu? Ba wani sabon mulkin mallaka ba ne?

Tambayar tana da hujja, bai kamata a yi watsi da ita ba. Suna zuwa ne don kare cinikinsu, ba don Allah ba. Amurka na shirya atisayen Obangame Express duk shekara, Legas ce ta karɓi baƙuncinsa a 2023. Faransa na da nata atisayen, kuma ita da Birtaniya ke kula da layin da jiragen kasuwa ke kira in an kai musu hari.

Amma akwai bambanci da abin da aka yi a Somaliya. A can babu gwamnati mai ƙarfi, don haka a 2008 Kwamitin Sulhu, da amincewar gwamnatin riƙon ƙwarya, ya ba jiragen ƙetare izinin shiga har cikin ruwan ƙasar. A mashigin Gini ba a ba kowa wannan izini ba. Baƙo iyakarsa can waje da mil 12 ɗin nan, kuma Najeriya ba ta yarda masu gadi na haya su shigo ruwanta da makamai ba. Wannan matsayi daidai ne, muddin mu ɗin muna yin aikin.

Abin da ya faru da Denmark ya nuna iyakar taimakon baƙo. A watan Nuwamban 2021 jirgin yaƙinta Esbern Snare ya yi musayar wuta da wasu da ake zargi a kudu da Najeriya, ya kashe huɗu, ya kama huɗu. Aka nemi ƙasar yankin da za ta karɓe su ta yi musu shari'a, ba a samu ba. A watan Janairun 2022 aka sa uku cikin ƙaramin kwale-kwale da abinci da mai aka sallame su. Na huɗun, wanda aka yanke wa ƙafa, aka kai shi Denmark, kotu ta same shi da laifi amma ba ta ɗaure shi ba. A watan Yulin 2022 shugabannin ECOWAS suka amince a Akra da dokar miƙa waɗanda ake zargi da fashin teku, tare da shaidu, zuwa ƙasar da ke da dokar hukunta su, don toshe irin wannan kafa.

To ina sauran matsalar take?

Ta farko, yarjejeniyar Yawunde ba ta zama dole a kan kowa ba. An so a mayar da ita doka mai ɗaure ƙasashe cikin 'yan shekaru, har yau ba a yi ba. Cibiyoyin na fama da ƙarancin kuɗi da ma'aikata, kayan aiki da horo da yawa daga Tarayyar Turai da sauran masu ba da tallafi suke zuwa. Ranar da hankalinsu ya koma wani teku, wa zai biya kuɗin intanet da man janareta a Kwatano? Wannan tambaya a Asokoro ya kamata a amsa ta, cikin kasafin kuɗin ƙasashenmu.

Ta biyu, ɗan fashin teku a tudu yake kwana. A tudu ake ɓoye waɗanda aka kama, a tudu ake raba kuɗin fansa, a banki ake wanke kuɗin man sata. Waɗanda ake gurfanarwa galibi yaran cikin kwale-kwale ne. Mai sayen injin, mai kawo bayanin jirgin da zai wuce, da mai sayen man, ba kasafai ake ganinsu gaban alƙali ba. A watan Oktoban 2022 shugaban kamfanin NNPC na lokacin ya shaida wa sanatoci cewa an gano bututun sata mai tsawon kilomita huɗu daga Forcados zuwa cikin teku, wanda ya shekara tara yana aiki. Abu irin wannan ba ya yiwuwa sai da idon da ya gani ya kau da kai. Ga kuma ƙauyukan Neja Delta da malalar mai ta kashe musu kifi da gona, inda saurayi ke tashi ba aikin yi. Afuwar da marigayi Shugaba Yar'adua ya yi wa tsagerun yankin a 2009 ta kwantar da tarzoma, amma ba ta wanke ruwan ba.

Satar kifi fa? Ba a cika jin labarinta ba.

Ba a ji ne saboda wanda ake cuta ba shi da murya a Landan. Manyan jirage na ƙetare kan shigo da dare har inda doka ta keɓe wa masunta masu kwale-kwale, a Najeriya mil biyar daga gaɓa, su ja raga mai ƙananan idanu ta kwashe har 'ya'yan kifi, su tsinka komar talaka su wuce. Wasu a tsakiyar teku suke juye kifin cikin wani jirgi don kada a ƙirga shi a tasha. Ƙasashe shida, wato Najeriya, Benin, Togo, Gana, Kodebuwa da Laberiya, suna da kwamitin kamun kifi na haɗin gwiwa mai ofishi a Tema ta Gana, inda suke musayar sunayen jiragen da aka ba lasisi da waɗanda aka kama da laifi, don wanda aka kora daga tasha ɗaya kada ya canza suna da tuta ya sauke kaya a ta gaba. Aikin yana tafiya, amma kuɗi da jiragen sintirin da aka zuba wa fashi ba a zuba ko kusa da su a nan ba.

Akwai abin da ya rage ga ɗan Arewa a wannan harka, ban da biyan tsadar kaya?

Akwai. Ɗan kasuwa mai shigo da kwantena ya san wanda ya loda masa kaya a can, ya san ejan ɗin da ke fito masa da su a nan, kada ya ara wa kowa sunan kamfaninsa ko ya yarda a saka masa “ɗan saƙo” a cikin kaya, domin sunan da ke jikin takarda shi ake kamawa. Tashoshin tsandauri na Kaduna, da Dala a Kano, da Funtuwa sun kawo aikin kwastam kusa da gida, don haka binciken abin da ke cikin kwantena ya zama aikinmu mu ma.

Matasa kuma su sani aikin ruwa ba na mutanen bakin teku kaɗai ba ne. Rundunar sojin ruwa daga kowace jiha take ɗaukar ma'aikata, tana da sansani a Baga a bakin Tafkin Chadi, akwai kuma makarantar koyon aikin jirgin ruwa ta tarayya a Oron ta jihar Akwa Ibom. Tun watan Agustan 2023 harkar teku ta samu ma'aikatarta ta kanta a Abuja, kuma kasafinta, da na NIMASA da na sojin ruwa, ta gaban sanatoci da 'yan majalisar da muka zaɓa daga Arewa yake bi kafin ya zama doka.